Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Dickens, Masu Karatunsa da Marubutanmu na Waya

Shekara uku da suka wuce, ni da abokan aikina biyu muka shirya wani wasan kwaikwayo na rediyo mai kashi 12, labarin wani saurayi ɗan Damagaram da ya dawo daga Libiya hannu rabbana bayan shekara huɗu. Da muka naɗi kashi biyu na farko, sai muka ce bari mu jiyar da wasu kafin a watsa. Na zuba su a kati, na ɗauki 'yar rediyona, na hau babur zuwa wani ƙauye da ke kan hanyar Mirriya, inda mata suke taruwa don zubin adashi ranar Laraba.

Akwai wurin da muka fi ji da shi a kashi na biyu. Uwar yaron ta buɗe ƙofa da asuba, ta gan shi tsaye da jakar leda, ta kira sunansa sau uku tana kuka. Mu a ɗakin naɗa sai da jikinmu ya yi sanyi. Da aka zo wurin a ƙauye, sai matan suka kwashe da dariya har da tafawa. Na kashe rediyon na tambayi dalili. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ba kun ce ɗan fari ne ba? Wace uwa ce za ta kama sunan ɗan farinta gatsal, har sau uku? Wannan dai ba ita ta haife shi ba."

Gaskiyarta. Da Faransanci muka fara rubuta wasan don masu ba da kuɗin su karanta, sannan muka juya shi zuwa Hausa, alkunya ta faɗi a hanya babu wanda ya lura, alhali dukkanmu a gidajen da ake yin ta muka tashi. Muka koma muka sake naɗa wurin. Uwar ta buɗe ƙofa, ta yi salati a hankali, sannan da rawar murya ta ce wa ƙanwarsa ta kawo wa baƙo ruwa. Da aka watsa, babu wurin da aka yi mana waya a kansa kamar wannan.

Tun ranar na zama mai wa'azin a gwada aiki a kan jama'a kafin ya nuna. Amma wannan wasan da masu saurare suka ceto a kashi na biyu, su ne kuma na bari suka kashe shi a kashi na 12, kuma zan zo kan wannan. Abin da ya dame ni tun lokacin shi ne yaushe ya kamata mai ƙirƙira ya ji maganar jama'a, yaushe kuma ya toshe kunne. Na nemi amsar a wurin wani marubuci da ya shekara 34 yana sakin littattafansa kashi-kashi a gaban masu karatu, kamar yadda marubutanmu na WhatsApp da Wattpad suke yi a yau. Wannan marubuci shi ne Charles Dickens na Ingila, wanda na fara karantawa cikin fassarar Faransanci ina ɗalibi a Yamai.

Inda jama'a suka nuna masa abin da ke da rai

Yawancin manyan littattafan Dickens ba a dunƙule suka fara fitowa ba. Wasu kowane wata ake sakin kashi guda mai shafi 32 da zane biyu a kan sule ɗaya, har a cika kashi 20. Wasu kuma mako-mako suke fita a mujalla. Sau da yawa yana rubuta kashin gaba ne alhali na baya yana hannun mutane, ana karanta shi a gidaje da mashaya, wasiƙu suna shigo masa, mawallafa kuma suna kawo masa lissafin ciniki. Wato kowane kashi gwaji ne, sakamakonsa kuma yana iso shi kafin ya rubuta na gaba.

Littafinsa na farko a wannan tsari, The Pickwick Papers, ya fara fita a 1836 yana da shekara 24. Kashin farko bai sayar da kwafi 500 ba. A kashi na huɗu sai ya shigo da wani mai goge takalma a masauki, Sam Weller, ɗan birnin Landan mai kaifin baki, wanda ba ya buɗe baki sai da karin magana irin namu na "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya". Jama'a suka kama shi, jaridu suka riƙa tsakuro zantukansa. Dickens ya ga haka, ya ɗauke shi daga goge takalma ya mai da shi baran Pickwick, ya zama ba a rabuwa da shi har ƙarshe. Kafin littafin ya ƙare a 1837 ana sayar da kwafi wajen 40,000 na kowane kashi.

Haka ta sake faruwa a 1840. Ya kafa wata mujallar mako mai suna Master Humphrey's Clock da niyyar ta ƙunshi gajerun labarai da 'yan tsokaci barkatai. Fitowar farko ta sayar da kusan 70,000, amma da mutane suka gane babu dogon labari guda da za su bi, sai ciniki ya faɗi. Ya duba abin da ke hannunsa, ya ga wani ɗan gajeren labari na wata yarinya mai suna Nell da kakanta, ya buɗe shi ya zama The Old Curiosity Shop, ciniki ya haura har wajen 100,000.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya rubuto wa Dickens ya ce ya ƙirƙiro mai goge takalma, ko ya rubuta labarin yarinya da kakanta. Shi ya kawo su da kansa, cikin tarin abubuwan da ya jefa. Aikin jama'a shi ne sun nuna masa wanne ne ke numfashi. Marubuci yakan shaƙu da wurin da ya fi shan wahalar rubutawa, ya raina wanda ya zo masa a sauƙaƙe, don haka ba kasafai yake iya gane wannan shi kaɗai ba. A wasanmu ma haka aka yi. Mun sa wani mai shayi a bakin tasha don kawai ya faɗa wa saurayin cewa budurwarsa ta yi baiko, jimla huɗu ya tafi. Da na jiyar da samarin wata fada a unguwarmu, sai na ji bayan kwana biyu suna kwaikwayon maganarsa. Muka ba shi wuri a kowane kashi, ya zama shi ne bakin da ke faɗin abin da tauraron ba ya iya faɗa.

Inda suka nuna masa ya yi zalunci

Nau'i na biyu ya fi wannan nauyi. A ƙarshen 1849, yana tsakiyar sakin David Copperfield, ya shigo da wata wada mai gyaran gashi da farce, Miss Mowcher, mai surutu da rashin kamun kai, kuma alamu sun nuna yana shirin sa ta zama kawaliyar da za ta taimaka a lalata wata yarinya. Ashe akwai wata maƙwabciyarsa, Jane Seymour Hill, wada ce, sana'arta gyaran farce da ƙafa, kuma duk wanda ya san ta ya gane da ita aka yi zanen. Ta rubuta masa wasiƙa mai zafi cewa ya ɗauki halittar da ba ita ta yi wa kanta ba ya mai da ita abin dariya da zargi, lauyanta ma ya biyo baya da tasa. Dickens ya ba ta haƙuri, ya yi alkawarin gyara. Da Miss Mowcher ta sake bayyana bayan wasu babuka, sai ga ta mace mai mutunci da tausayi, wadda take fakewa da barkwanci don ta ci abinci a duniyar da ke mata dariya, daga ƙarshe ma ita ta taimaka aka kama wani mugun bara.

Makamancin wannan ya faru a 1863, lokacin da wata Bayahudiya mai suna Eliza Davis, wadda mijinta ya sayi gidan Dickens na Landan, ta rubuta masa cewa Fagin, mai karɓar kayan sata da koya wa yara yankan aljihu a Oliver Twist, ya ƙara wa mutanenta baƙin jini, domin littafin ya fi kiransa da sunan ƙabilarsa a kan sunansa na yanka. Da farko Dickens ya kare kansa. Amma a littafinsa na gaba, Our Mutual Friend, ya saka wani dattijo Bayahude mai kirki, Riah, kuma a bugun Oliver Twist na 1867 ya cire wannan kira a wurare da yawa na babukan baya.

A duka biyun ina ganin ya yi daidai da ya saurara. Wanda aka taka shi ya san inda ya ji zafi, kuma babu gwanintar da ke ba marubuci izinin cewa ba a ji ba. Sai dai in muka dubi aikin da idon nazari, ɗinkin a fili yake. Miss Mowcher ta farko da ta biyu kamar mata biyu ne aka ba suna ɗaya, mai karatu yana jin inda aka karya akalar. Riah kuma kirkinsa ya yi yawa har ya rasa jini a jika, ana manta shi, Fagin kuwa yana nan daram a zukatan mutane. Dalili shi ne gyaran ya zo bayan kaya sun riga sun shiga kasuwa. Da a ce wani wanda ya san matar nan ya ji babin tun yana rubutun hannu, da an gyara shi daga tushe, babu tabo. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa a gwada aiki tun yana ɗanye, kuma ina tare da su. Dariyar matan ƙauyen nan ta ci mana yini guda na sake naɗa. Da a rediyo aka yi mana ita, da duk wasan ta ci.

Inda suka nemi ya ba su abin da suke so

Nau'i na uku shi ne inda ake faɗuwa. Da labarin Nell ya doshi ƙarshe, masu karatu suka hango inda aka nufa, wasiƙu suka yi ta zuwa ana roƙon kada ya kashe ta. Yarinya ce da ta gudu daga Landan da kakanta mai cutar caca, suna yawo a ƙafa gari-gari, yunwa da sanyi da ɗawainiyar tsoho suna cin ta a hankali tun daga tsakiyar littafin. Abokinsa John Forster ne ya fara nuna masa cewa tafiyar da ya ɗora ta a kai mutuwa take nufa. A farkon 1841 ya kashe ta. Na yarda da masu cewa ya cika wurin da hawaye fiye da kima, ni ma da na sake karantawa kwanan baya sai da na tsallake wasu shafuka. Amma hukuncin kansa daidai ne. Da ta warke ta auri wani mai hali, da duk wahalar da aka nuna ta zama wasan yara, da kuma an wanke kakan daga abin da cacarsa ta jawo.

Bayan shekara biyu sai ya yi akasin haka. Martin Chuzzlewit ya fara fita a 1843, ciniki ya tsaya a wajen 20,000, abin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda ya saba. Ana cikin haka sai tauraron ya sanar cewa zai tafi Amurka, ƙasar da Dickens ya ziyarta a 1842 ya dawo da haushinta. An daɗe ana danganta wannan juyi da neman tayar da kasuwa. Ƙarin da aka samu kaɗan ne, Amurkawa suka fusata, littafin kuma ya rabu biyu. Jigonsa son kai ne a cikin dangi masu jiran gādon wani tsoho, babukan Amurka kuwa zambo ne ga wata ƙasa, akwai ban dariya a cikinsu amma kana iya zare yawancinsu ginin bai girgiza ba. Lissafin ciniki ya faɗa masa gaskiya cewa wani abu bai kama mutane ba. Bai faɗa masa mene ne ba, shi kuma ya yi saurin kawo magani daga waje.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Great Expectations, wanda ya fita mako-mako a mujallarsa All the Year Round daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861. Pip maraya ne da ya tashi a gidan yayarsa da mijinta Joe maƙeri. Ya kamu da son Estella, yarinyar da wata attajira, Miss Havisham, ta rena musamman don ta karya zukatan maza, saboda ita ma angonta ya yi watsi da ita ranar aure. Kwatsam sai wani ɓoyayyen mutum ya fara zuba wa Pip dukiya. Ya ɗauka attajirar ce ke shirya shi don Estella, ya fara jin kunyar maƙerin da ya rene shi. Ashe kuɗin na wani fursuna ne da ya taɓa ba abinci yana yaro. Dukiyar ta tafi, Estella ta auri wani azzalumi. Littafin gaba ɗaya a kan wannan yake: yadda buri ke sa mutum ya gina gida a kan abin da ya raya wa kansa, da abin da yake saura bayan ginin ya rushe.

Ƙarshen da Dickens ya fara rubutawa gajere ne. Bayan shekaru Pip yana tafiya a wani titi na Landan riƙe da ɗan Joe, sai wata mata a keken doki ta sa aka kira shi. Estella ce, mijin farko ya mutu, ta auri wani likita. Suka gaisa, ta ɗauka yaron nasa ne, ya ga a fuskarta cewa wahala ta koya mata abin da renon Miss Havisham ya hana ta sani, kowa ya kama gabansa. A watan Yuni 1861 ya ba abokinsa Edward Bulwer-Lytton, marubucin da littattafansa ke ci a kasuwa a lokacin, shafukan da maɗaba'a ta turo don dubawa. Bulwer-Lytton ya lallashe shi ya canza. Ƙarshen da aka buga shi ne Pip da Estella, tana bazawara, sun haɗu da yamma a kufan gidan Miss Havisham, suka fita riƙe da hannun juna, da alamar ba za su sake rabuwa ba. Dickens da kansa ya rubuta wa Forster cewa yana ganin labarin zai fi karɓuwa da wannan canji. Sai bayan rasuwarsa Forster ya fito da ƙarshen farko a tarihin rayuwarsa da ya rubuta, tun daga nan kuma manazarta suke jayayya. George Bernard Shaw yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa da ƙarshe mai daɗi ga wannan littafi.

Ba zan ce ƙarshe na biyu ba shi da kyau ba. Mayar da su kufan gidan da aka fara cutar da su dabara ce mai ƙarfi, ta fi haɗuwar titi da ta zo bisa tsautsayi, kuma Dickens ya bar ƙofar a ɗan buɗe, bai ɗaura musu aure a gabanmu ba. Amma a ganina na farko ne ya cika alkawarin littafin. An shafe babi sama da 50 ana koya wa Pip cewa abin da ya ƙwallafa rai a kai ruɗi ne, sai a shafin ƙarshe a miƙa masa mafi girman abin da ya ƙwallafa rai a kai. Kuma a lura da yadda gwajin ya gudana. Mutum ɗaya aka ba, marubuci ɗan uwansa, shi kuma ya yi magana da yawun jama'ar da ba a tambaya ba. Bai ce ga inda ya ɓace ba, bai ce ga inda aka yi ƙarya ba. Cewa ya yi ga abin da za a fi so.

Yadda na faɗa ramin da kaina

A wasanmu mun tsara tun farko cewa saurayin ba zai yi kuɗi ba. Budurwar za ta auri wanda aka yi mata baiko da shi, shi kuma zai koma lambun mahaifinsa, ƙarshen wasan shi ne ranar da ya iya zama a fada ya ba da labarin abin da ya same shi a hamada ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Saƙon ke nan: dawowa da rai ba abin kunya ba ne. Daga kashi na takwas sai waya ta fara ruwa a filin da nake buɗewa bayan kowane kashi. Kowa cewa yake a tausaya masa, a fasa baikon, Allah Ya kawo masa buɗi. Daɗin yawan kiran ya ɗebe ni. Na shawo kan abokan aikina muka sake rubuta kashi biyu na ƙarshe, wani tsohon ubangidansa ya aiko masa da kuɗin da ya riƙe masa, ya buɗe shago, aka fasa baiko, aka yi biki da guɗa.

An yaba mana sosai a waya. Bayan kamar mako biyu ina gyaran babur a bakin kasuwa, sai wani matashi da ya gane muryata ya matso. Ya ce shi ma shekara uku ya yi a can, kuma tun kashi na ɗaya bai taɓa fashi ba, har mahaifiyarsa yake kira ta zauna su ji tare don ta fahimci abin da ya kasa faɗa mata. Ya ce, "Malam, har kashi na goma labarina kuke bayarwa. Daga nan kuka sauke ni kuka ɗauki wani. Ni babu wanda zai aiko mini da komai." Ban sami abin ce masa ba.

Irin wannan matashin ba ya kiran rediyo. Masu kira su ne masu kuɗin waya da ƙarfin hali da son a ji muryarsu, kuma yawancinsu ba su taɓa ƙetare Agadas ba. Na ɗauki muryar mutum ƙalilan a matsayin muryar gari, na bar wanda aka yi wasan dominsa.

Ga 'yan uwana marubutan waya

Ina karanta littattafan da ake saki shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu ma na nemi izini na karanta su a shirina. Marubutansu suna da abin da Dickens zai yi kwaɗayi, domin shi sai ya jira wasiƙa da lissafin wata, su kuwa kafin su ajiye waya sharhi ya fara shigowa. Na ga amfaninsa da idona. Na ga wata ma'aikaciyar jinya ta gyara wa marubuciya yadda ake karɓar haihuwa, na ga an nuna wa wani cewa ya kashe mutum a shafi na 9 ya dawo da shi a na 30.

Amma na fi ganin ɗaya ɓangaren. Littafi zai fara da kishiyoyi biyu, kowace da hujjarta da rauninta, har ka ce yau an zo da sabon abu. Sai zaure ya rabu, masu rinjaye su zaɓi tasu. Daga nan ɗayar za ta fara zuwa wurin boka ba tare da an shirya mu ba, ta ƙare da hauka ko gobara, don masu sharhi sun ce sai an nuna mata iyakarta. Talakan da aka fara da shi sai ya tashi ɗan wani attajiri da aka sace yana jariri. Wanda ya mutu sai a ce ashe suma ya yi. Inda aka sa kuɗi bayan shafukan kyauta abin ya fi tsanani, domin mai sharhin ya zama mai saye, marubuciya kuma tana tsoron a watse mata. Ba na raina wannan tsoro, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara a wasu gidajen, Dickens ma don ciniki ya yi wasu juye-juyensa. Sai dai shi ya sa littattafai da dama suke farawa daban-daban su ƙare iri ɗaya.

Akwai kuma ruɗani tsakanin gwaji da saki. Shafin da ka tura zaure mai mutum ɗari biyu ya riga ya fita, kafin gari ya waye an kwafe shi zuwa wasu zaurukan, ba ka da ikon janye shi. Duk gyaran da za ka yi bayan nan irin na Miss Mowcher ne. Dickens ma ya san bambancin. A watan Nuwamba 1844 ya taso takanas daga Genoa ta Italiya zuwa Landan, a farkon Disamba ya karanta wa wasu abokansa ƙalilan The Chimes da baki a ɗakin Forster kafin littafin ya shiga kasuwa, don ya ga fuskokinsu. Daga Dombey and Son na 1846 kuma ya riƙa tsara kowane kashi a takarda tun kafin ya rubuta, gefe guda tambayoyin da yake yi wa kansa da amsoshinsu, ɗaya gefen jerin babuka. Wanda ya san inda za shi yana iya sauraron kowa a hanya ba tare da an karkatar da shi ba.

Mu a Nijar muna da gādon wannan. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo, inda ake tara mutanen gari su saurari shiri tare, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a aika Yamai. Abin da na koya daga wannan gādo da kuma kurakuraina shi ne kaɗan. Ka rubuta ƙarshenka a takarda ka ajiye kafin ka saki shafin farko. Ka tara mutum shida ko takwas waɗanda ba abokanka ba, cikinsu har da wanda ya rayu irin rayuwar da kake bayarwa, ka karanta musu da baki. Ka sa ido a kan inda suka ɗauki waya, inda suka yi dariyar da ba ka nufa ba, inda suka yi tsit. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kara ba za ta bar Bahaushe ya ce maka a'a a gaban idonka ba. Ka ce wani ya maimaita maka labarin da bakinsa, abin da ya tsallake da abin da ya juya su ne amsarka. In sun ce ba su gane ba, ko ba haka ake yi ba, ko an ci mutuncinsu, ka koma ka gyara ko da wurin ne ka fi so. In kuwa suka fara cewa a aura wa wance wane, a kashe wance, ka gode musu, ka tambayi kanka me ya sa suke jin haka, domin sau da yawa alama ce cewa labarin ya kama su yadda ake so, sannan ka bar ƙarshenka yadda yake.

A bana muna shirya wani sabon wasan, na wata mata da ta tafi Aljeriya bara da 'ya'yan maƙwabta. Na riga na kai kashi uku na farko wurin matan adashin nan, sun kuma kama mu da kuskure biyu. Kashi na ƙarshe yana cikin ambulan a aljihun teburina, na ba abokin aikina izinin ya ƙwace makirufo daga hannuna in ya ji na fara maganar canza shi. Matashin nan na bakin kasuwa kuma na karɓi lambarsa, shi ne mutum na farko da zai ji shi kafin kowa.

Allah Ya sa mu dace.